Yaya ya ce falsafa ba ta gina gada

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina aji biyu a sashen injiniyancin gine-gine. A zangon da ya wuce an wajabta mana wani kwas na mantiƙi da falsafa, cikin darussan gama-gari da kowa ke yi ko me yake karantawa. Na shiga ajin ina jin haushi, amma kafin a kai tsakiyar zango ya zama shi ne ajin da nake ɗokin zuwa. Matsalar ita ce shi ne ya ja mini maki ƙasa, domin rubutu ake yi, ni kuma ban saba ba. Lissafina ƙalau yake. Yanzu a shekara mai zuwa ina da gurbin kwas biyu na zaɓi. Zuciyata na son tarihin kimiyya da kuma falsafar ɗa'a. Yayana, wanda shi ke biyan kuɗin karatuna tun rasuwar mahaifinmu, ya kafe a kan in cike guraben da kwasa-kwasan manhajar zanen gini. Ya ce falsafa ba ta gina gada, kuma ba wanda zai ɗauke ni aiki don na san Aristotle, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka. Ba na son saɓa masa, kuma ina tsoron kada gaskiya ya faɗa. Shin irin wannan karatu yana da amfani na haƙiƙa, ko daɗin baki ne kawai na malaman jami'a?

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya saka wa yayanki da alheri.

Bari in fara ba yayanki haƙƙinsa, domin mutumin da ke zaro kuɗi daga aljihunsa duk zango ya cancanci a saurare shi da kyau. Ranar da za ki zauna gaban masu ɗaukar aiki karo na farko, abin da za su tambaye ki shi ne wace manhaja kika iya, wane aiki kika taɓa yi da hannunki, da wane mataki kika fita. Ba wanda zai kawo zancen Aristotle. Masu kare irin wannan karatu sukan yi wa kansu illa idan suka musanta haka, suna ta yi wa ɗalibai alkawarin cewa falsafa za ta sa kamfanoni su yi rububinsu. Ba za ta sa ba, musamman a shekarun farko.

Sai dai rayuwar aiki ta wuce shekarun farko. A 2020 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, David Deming da Kadeem Noray, sun wallafa bincike inda suka haɗa bayanan albashi da tallace-tallacen guraben aiki na shekaru da dama. Sun ga cewa waɗanda suka karanta fannonin fasaha irin su kwamfuta da injiniyanci suna fara aiki da ratar albashi mai yawa a kan takwarorinsu, amma ratar tana raguwa yayin da shekaru ke tafiya. Dalilin da suka bayar shi ne a waɗannan ayyuka ne abin da ake buƙatar ma'aikaci ya iya ya fi saurin sauyawa, don haka abin da aka koya a aji ya fi saurin tsufa. Wannan ba ya nufin injiniya zai talauce, ko kaɗan. Fanninki fanni ne mai kyau. Yana nufin cewa a duk abin da jami'a za ta ba ki, sanin inda ake latsawa a wata manhaja ta musamman shi ne mafi gajeren kwana. Wadda kika koya a aji uku za a sauya mata fuska kafin ki shekara biyar a aiki, kuma za ki sake koyonta, kamar yadda kowa ke yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne makin nan da ya sauko. Ke kin ɗauke shi a matsayin shaida a kan kwas ɗin, ni kuma ina ganin shi ne shaidar da ta fi goya masa baya. Na san irin jan biron da ake samu a gefen takardar ɗalibin lissafi ranar da ya fara rubuta hujja da kalmomi. Ki rubuta "saboda haka", malam ya zagaye ta ya tambaya: wane abu kika faɗa a sama da ya haifar da wannan? Ki rubuta "kowa ya sani", ya ja layi ya ce: wa da wa? Ki yi amfani da kalmar "adalci" a sakin layi na farko da ma'anar raba daidai, a na uku ki dawo da ita da ma'anar ba kowa abin da ya cancanta, ya nuna miki cewa kin sauya ma'auni a tsakiyar awo ba ki lura ba. A lissafi ba ki taɓa yarda ki tsallake mataki, domin amsa za ta fito ba daidai ba nan take ta tona asiri. A magana kuwa mutum yana iya shekara arba'in yana tsallake matakai ba wanda ya tsayar da shi. Kin samu wanda ya tsayar da ke kina aji biyu. Ya gano wani gurbi a cikin iyawarki wanda kwasa-kwasan sashenki ba za su taɓa haska shi ba, don ba shi suke aunawa ba.

Kuma gurbin nan yana cikin aikin injiniya tsundum. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum 7 da ke ciki duk suka mutu. Sanadin shi ne wani zoben roba da ke toshe mahaɗar roka, wanda sanyi ya sa ya ƙage ya kasa rufewa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a daren jajibirin tashin, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin sun ba da shawarar a dakata. Sun san robar, sun ga alamun ƙuna a jikinta a tashe-tashen baya, kuma sun ce kada a harba kumbon idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 12 a ma'aunin Salshiyas, alhali washegari da safe ana kusa da daskarewar ruwa. Aka yi doguwar tattaunawa ta waya da jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, waɗanda suka ce hujjar ba ta gamsar da su ba. Shugabannin kamfanin suka keɓe, ɗaya daga cikinsu ya ce wa babban injiniyan ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka dawo suka amince a tashi.

Kwamitin da ya binciki lamarin daga baya ya lura da wani abu. A daren, hankali ya tafi ne kan tashe-tashen da aka ga matsala a robar, kuma a cikinsu akwai na ranar sanyi akwai na ranar ɗumi, sai ya zama kamar sanyi ba shi ne ba. Da an jera dukkan tashe-tashen, har da waɗanda ba a ga matsalar komai ba, da an ga cewa waɗannan masu lafiya duk a ranaku masu ɗumi aka yi su, kuma duk tashin da aka yi cikin sanyi sosai an samu matsala. Ba zan ce miki kwas ɗin falsafa ne zai ceci mutanen nan ba. Akwai matsin lokaci da siyasar ofis da suka fi ƙarfin kowace takarda. Amma ki dubi tambayoyin da suka yanke hukunci a ɗakin. Wace shaida ce aka bari a waje? Wa ke da nauyin kawo hujja, mai cewa akwai haɗari ko mai cewa babu? Idan shugabanka ya ce ka sauya hula, me ya rage a wuyanka? Ba ɗaya a cikinsu da manhajar zane ke amsawa. Ta farko da ta biyu mantiƙi ne, irin wanda kika zauna ajinsa. Ta uku ita ce falsafar ɗa'ar da kike son ɗauka.

Ke ma wata rana za ki tsaya gaban mutanen da ba su san lissafin nauyi ba amma su ke riƙe da kuɗi da sa hannu, ki ce musu ginshiƙin nan ba zai ɗauki ƙarin bene ba. Sanin hakan aikin sashenki ne. Sa su yarda, cikin shafi ɗaya da za su karanta tsakanin taro da taro, wani aiki ne daban.

Kada ki ɗauka 'yan kimiyya kaɗai ke da wannan giɓi. A Ingila a 1999 an yanke wa wata uwa hukuncin kashe jariranta biyu. Wani babban likitan yara ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai cikin barci a irin wannan gida ɗaya ce cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta hanyar ninka yiwuwar mutuwa ɗaya, kusan 1 cikin 8,500, da kanta, kamar dai mutuwar ta biyu ba ta da alaƙa da ta farko, alhali 'yan gida ɗaya suna tarayya a jini da muhalli. Ɗaki cike da lauyoyi, amma adadin ya isa kunnen masu yanke hukunci da ƙarfinsa. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta fito ta soki lissafin a 2001, kuma sai a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta saki matar, bayan an gano sakamakon wani gwaji da ba a bayyana ba tun farko. Ta yi fiye da shekara uku a kurkuku. Da ɗalibar lauya ce ta rubuto mini, kwas ɗin ƙididdiga zan tura ta. Manufar ilimi mai faɗi ke nan: kowa ya san isasshen abu daga wancan ɓangare har ya gane lokacin da ake yi masa rufa-rufa.

Wannan tunani tsoho ne. A jami'ar Paris a ƙarni na 13, galibi ɗalibi ba ya shiga likitanci ko ilimin addini sai ya bi ta fannoni bakwai: nahawu, mantiƙi, balaga, lissafi, ilimin siffofi da awo, ilimin taurari, da ilimin sautin kiɗa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 kuma aka shafe ƙarnoni ana koyar da likitancinsa a Turai, ya yi rubutu mai yawa a mantiƙi da falsafa da lissafi. Amma tsufan abu ba hujja ba ne, kuma wancan karatu na 'yan tsirarun maza ne da ba sa tunanin albashi, don haka ba zan jingina a kansa ba. Misalin yau ya fi amfani ga yayanki. Jami'ar MIT ta Amurka, wadda ba a maganar makarantun injiniya a duniya a tsallake ta, tana wajabta wa kowane ɗalibin digirin farko kwas 8 a fannonin adabi, tarihi, falsafa, zane da zamantakewa, wato kusan ɗaya a kowane zango, ga kuma kwasa-kwasai na musamman da aka gina su kan rubutu da magana. Jami'o'in gwamnati na Hong Kong sun mai da digirinsu daga shekara 3 zuwa 4 a 2012, kuma babban kaso na ƙarin lokacin ya tafi ne ga darussan gama-gari. A ɗaya gefen kuma, yawancin jami'o'in Ingila har gobe fanni ɗaya ɗalibi ke karantawa na shekara 3, kuma suna yaye ƙwararru. Don haka ba wai hanya ɗaya ce tak ba, kuma duk wanda ya ce miki haka ya yi ƙari.

Yanzu ga inda zan ɗan taka wa zumuɗinki birki. Ba kowane kwas mai kyakkyawan suna ne ke ba da abin da nake magana a kai ba. A 2011 masana zamantakewa biyu, Richard Arum da Josipa Roksa, sun fitar da sakamakon bin diddigin ɗalibai sama da 2,300 a jami'o'i da kwalejoji 24 na Amurka, ƙasar da ta fi kowa alfahari da wannan tsari. An ba ɗaliban gwajin da ke buƙatar su karanta takardu, su auna shaida, su rubuta matsaya. Kashi 45 cikin 100 ba su nuna wani ci gaba na a-zo-a-gani ba bayan shekara biyu a jami'a. An yi ta muhawara kan ingancin gwajin, amma wani ɓangare na sakamakon ya dace da abin da duk malamin da ya daɗe a aji ya sani: ɗaliban da suka fi ci gaba su ne waɗanda kwasa-kwasansu ke sa su karanta fiye da shafi 40 a mako, su kuma rubuta fiye da shafi 20 a zango. Ashe wahalar ce ke aikin. Kwas ɗin tarihi da ake cusa ɗalibai ɗari biyar a ɗaki, a karanto musu shekaru da sunaye su haddace, a ƙarshe su zaɓi amsa ɗaya cikin huɗu, shan ruwan tsuntsaye ne kawai. Idan irin wannan ne zaɓinki, to yayanki ya fi ki gaskiya, gara manhajar.

Saboda haka shawarata ita ce ki raba guraben: ɗaya na manhaja, ɗaya na zuciyarki. Ba don a raba rigima kawai na faɗa ba. Kina buƙatar abin da za ki nuna ranar neman aikin farko, kuma faɗi ba ya tsaya wa mutum idan babu zurfi a ƙarƙashinsa. Injiniyar da ta iya tsara hujja amma lissafinta na rawa ta fi kowa haɗari, don za a yarda da ita. Amma idan aka ce dole ɗaya ya jira, manhaja ce ke iya jira. Ana koyonta a hutu, daga bidiyo da littafin jagora, ana kuma ci gaba da koyonta a wurin aiki. Abin da ke da wuyar samu bayan an bar jami'a shi ne mutumin da aikinsa ne ya karanta shafi biyar da kika rubuta, ya nuna miki daidai layin da tunaninki ya karye, ya sa ki sake.

Tsakanin tarihin kimiyya da falsafar ɗa'a, kada suna ya zaɓar miki. Ki nemi tsarin kowane kwas a rubuce kafin rajista. Ki duba rubutu nawa ake yi, ko ana dawo da shi da gyara ko maki kawai ake liƙawa, ko ana karanta asalin rubutun masana ko taƙaitawar malam, da kuma yawan ɗaliban ajin. Ki tambayi 'yan aji huɗu da suka yi shi, kuma kada ki tambaye su ko yana da sauƙi. Ki ce su nuna miki takardar da aka dawo musu da ita. Wadda kika ga gefenta ya fi cika da rubutun malam, nan za ki. Idan suka yi kunnen doki, ni falsafar ɗa'a zan fifita miki, domin tarihin kimiyya ana iya cin moriyarsa sosai da karatu a ɗaki, ita kuwa ɗa'a sai da abokin gardama a gabanki wanda ba zai ƙyale ki ba.

Wani abu kuma da ɗaliban shekarun baya ba su fuskanta ba: tun da ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu idan ya nema, ya fito a ƙarshen 2022, kowa na iya samun maƙala mai santsi cikin minti ɗaya. Idan za ki ba na'ura ta rubuta miki, kada ma ki ɓata kuɗin yayanki. Ba maƙalar ake nema ba, malam yana da ɗaruruwa a kabad. Abin da ke faruwa a kanki lokacin da kika maƙale a sakin layi na uku, kika gane cewa abin da kike son tabbatarwa ba ya tabbata, shi aka biya wa kuɗi.

Batun maki kuwa, ke 'yar lissafi ce, ki zauna ki buga. A ce digirinki kwas 40 ne masu nauyi ɗaya: saukowa mataki guda a kwas ɗaya yana rage matsakaicin makinki da 0.025 ne kacal. Idan kina bakin iyaka tsakanin matakin digiri da wani, ko kina kan tallafin karatu mai sharaɗin maki, to wannan ɗan adadi yana da nauyi, sai ki jinkirta kwas ɗin zuwa zangon da aikin sashenki ya fi sauƙi. Idan ba haka ba, tsoron ya fi abin girma. Kuma rubutu na biyu ba ya wahala kamar na farko.

Saura yaya. Kada ki je masa da wa'azin darajar ilimi, kuma kada ki je da sunayen masana. Zai ji kamar kina nuna masa ya jahilci abu, alhali shi tsoro yake ji, tsoron ya kashe abin da ya kashe ki fito ki zauna. Wannan tsoron za ki amsa. Ki nuna masa sakamakonki na kwasa-kwasan sashe tukuna. Sannan ki ce masa kin karɓi shawararsa, za ki ɗauki kwas ɗin manhaja ɗaya a makaranta, ɗayan kuma za ki koya a dogon hutu, ki faɗi watan da za ki kawo masa zanen da kika yi da ita ya gani da idonsa. Gurbi na biyu ki roƙe shi a matsayin kwas ɗin da zai gyara miki rubutun rahoto da kare aiki gaban manya, wanda gaskiya ne, ba dabara ba. Idan yana aiki a ƙarƙashin wani, ki tambaye shi wa aka fi ɗagawa a wurinsu, wanda ya fi kowa iya aikin hannu ko wanda ya iya aikin kuma ya iya bayaninsa. Ki bar shi ya amsa da kansa.

Idan duk da haka ya ƙi, ki bi maganarsa a wannan shekara, kada ki yi rajista a ɓoye. Ki je wurin malamin falsafar ki nemi izinin zama a ajinsa ba tare da rajista ba. Malamai da yawa suna yarda, wasu ma har su duba rubutun wanda ya zo don kansa. Ki karɓi jerin littattafan, ki yi rubutu biyu ko uku ki kai masa. A aji huɗu, idan sakamakon sashenki ya tsaya daram kuma zanen da kika yi alkawari yana hannun yaya, ki sake kawo maganar gurbin.